Rizgar Turkawa

Duk wanda ya zauna a Rusaifa ta Makka tun tana bayan gari, tun ba kwalta ba fitila, ya san Ɗaso matar Lurwanu mai ga-ruwa. Gajera ce kakkaura, muryarta ta fi jikinta girma, kuma ba a taɓa ganinta ta zauna a tsakiyar tabarma ba. Kullum a gefe take ɗosana jiki, mayafi a kafaɗa, kamar wadda ta shigo ɗibar wuta. Matan unguwa sukan tsokane ta su ce, "Yaya Ɗaso, tabarmar ba ta cizo." Sai ta yi dariya ta ce su tambayi maigidanta, shi ya koya mata wannan zama.

'Yar Lere ce, can ƙasar Zazzau, inda yarinya kan iya haƙar rizga tun kafin ta iya ɗaura zane. Ita ta ga Lurwanu ta ce shi take so, kuma har ta tsufa ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba. Mutum ne mai sanyin hali, ba zagi ba duka, ba ya wasa da salla, abin hannunsa kuwa bai rufe masa ido ba. Ciwonsa ɗaya ne tak, ƙafarsa ba ta san zama ba. Shekara guda da aure ya ce za su tafi Makka a ƙasa, ta ɗaure kaya ta bi shi. Tafiyar da wasu ke yi cikin shekara uku, su sai da suka yi goma sha shida, ba don ƙarancin guzuri kaɗai ba, sai don Lurwanu ba ya bin hanya a miƙe. Ya yi dako a Fort Lami, ya yi jima a Abeshe, ya koma baya Fort Lami don wani ya ce masa kasuwa ta buɗe, ya sake dawowa. Sun ciri auduga a Jazira, sun yanki dawa a Gadarif. Ko'ina suka sauka, da zarar Ɗaso ta gane wace maƙwabciya ce ke ba da aron turmi ba tare da ɓata rai ba, sai ta ga maigida ya ɗauko takalmansa ya zauna a ƙofar ɗaki yana jujjuya su yana duba inda suka ci. Ba sai ya yi magana ba, ta san sauransu kwana goma a garin.

'Ya'ya biyu Allah ya ba su a hanya, kuma a hanya ya karɓi abinsa. Hadijatu tana Abeshe, Abubakar yana Gadarif. Ɗaso ba ta ja da hukuncin Allah ba. Abin da ke ci mata rai shi ne ko sau ɗaya ba ta zauna ta cika arba'in a garin da aka rufe mata ɗa ba. Wannan ta riƙe wa Lurwanu a zuciya, ba ta faɗa ba, shi ma bai tambaya ba.

Daga Sawakin suka ƙetare teku cikin wani jirgin katako, aka sauke su a gaɓar da babu mai tambayar takarda, don haka ba su da ita. Suka yi hajji suka zauna, kamar dubban 'yan'uwansu Takari. Ɗaso ta yi ajiyar zuciya, ta ce ai yanzu tafiya ta ƙare, wa yake wuce Ka'aba? Ashe ba ta gama sanin mijinta ba. A cikin Makkan ma sai da ya ja ta daga Misfala zuwa Jarwal, daga Jarwal zuwa Tandabawi, kafin suka zo Rusaifa suka kafa sandaka, wato ɗakin katako da gwangwanayen kananzir da aka farke aka miƙar, da ɗan tsakar gidan da bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Gida talatin ne a lungun, jingine da dutse, duk Hausawa, kuma in ka tara su ba za ka sami iƙama biyar ba, wato takardar izinin zama. Kowa ya san dokar zaman wurin ba tare da an rubuta ta ba: kada ka yi abin da zai sa mai kaki ya waigo.

A nan Ɗaso ta shekara uku cur, abin da ba ta taɓa yi a wuri ɗaya ba tun barinta Lere. Ta gina murhun laka. Ta sami aminiya, Yalwa, mutuniyar Damagaram mai sayar da gyaɗa, wadda katangar gwangwani kawai ta raba su. Lurwanu kuma ya zama sakka, yana ɗibar ruwa a bazan, famfon unguwa, yana kai wa gidaje cikin garwa biyu rataye a sanda. Ɗaso ta fara tunanin a Makka za a rufe ta, kuma tunanin yana yi mata daɗi ƙwarai.

Sai ga hajjin shekarar 1968. Alhazai ba su gama watsewa ba, ta fito da safe ta tarar da shi a ƙofar ɗaki da takalma a cinya. Ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta.

"Malam, lafiya?"

"Lafiya lau. An ce ana aikin hanya wajen Tabuka. Shugul mai kyau, kuma ba sa tambayar waraƙa, ba ruwansu da takardar kowa."

"Tabuka kuma? Mu bar Ɗakin Allah mu tafi fasa dutse?"

"Hajji biyar muka yi, Ɗaso. Can ma ƙasar Allah ce."

Ta juya ta koma ɗaki. Ta san musu da Lurwanu a kan tafiya ɓata yawu ne kawai.

A wannan hajjin ta yi wanke-wanke a gidan wani mai saukar alhazai, inda aka sauke Turkawa. Akwai wata tsohuwa cikinsu mai jan kumatu da ta zo da guzurinta tun daga gida, har da ɗan buhun wata saiwa mai ƙulle-ƙulle. Da Ɗaso ta gani ta ɗauka citta ce. Tsohuwar ta fere ɗaya ta miƙa mata ɗanya. Ta gatsa, ta ji garas-garas da ɗan zaƙi a ƙarshe, sai ga hawaye, don bakinta ya tuna rizga, shekara ashirin da ɗoriya rabonta da ita. Ba rizga ba ce, amma ta isa ta zama 'yar'uwarta ta nesa. Ba sa jin yaren juna. Tsohuwar ta faɗi sunan abin har sau uku, Ɗaso ta kasa riƙewa, ta raɗa masa rizgar Turkawa. Ranar tafiyarsu tsohuwar ta juye mata ragowar a mayafi, guda bakwai, sun fara yamushewa sun fito da ido. Ta nuna mata ƙasa da yatsa, sannan ta ɗaga hannu sama da kanta, alamar in an binne yana tsawo.

Rowa ba halin Ɗaso ba ce, amma wannan ta ji nata ne ita kaɗai. Ta ci uku a ɓoye, ta adana huɗu a ƙarƙashin randa inda ke da sanyi. Ranar da ta ga takalman nan, Lurwanu yana fita bazan ta ɗauko su, ta tsuguna a kusurwar tsakar gida inda dutse ke kare rana, daidai inda yake alwala, ta tona da tsohon cokali ta binne su. Ba wata dabara ta ƙulla ba a lokacin. Haushi ne kawai da baƙin ciki. Ta ce a ranta ko ba ta ci ba, ta dai bar wani abu nata a ƙasar Makka.

Tafiyar ta ɗan jinkirta, don duk motocin Jarwal suna jigilar alhazai zuwa Madina, babu wurin Takari. A kwana na goma sha biyu Lurwanu ya tsuguna zai yi alwalar azahar, sai ya tsaya cak da buta a hannu. Tsiro huɗu ne suka ɓullo a gabansa, kore shar, ganyen da gashi-gashi. Shi ɗan manomi ne, ya san kowace ciyawa daga Zazzau har Gadarif, amma bai taɓa ganin wannan ba. Kuma a lungun nan ko ƙaya da ƙyar take fitowa.

"Ɗaso! Zo ki gani. Ke kika shuka wani abu nan?"

Ta fito ta dube shi. Rabonta da ganin fuskarsa haka tun ranar da suka fara hango Ka'aba. Amsar gaskiya tana bakinta, sai ta ji wata ta riga ta fita.

"Ni ma yanzu na gani, Malam."

Ya ajiye butar a hankali. "Daidai inda ruwan alwalata ke zuba," in ji shi. "A cikin Harami, Ɗaso. Ba mai shuka, ba damina." Ya daɗe a tsugune. Tun ranar da suka shigo Makka ya ji malamai suna cewa abin da ya tsiro da kansa a cikin iyakar Harami ba a yanke shi ba a tuge shi, kuma ya riƙe maganar gam. A ganinsa an ajiye masa amana a tsakar gida. Da ya miƙe sai ya ce ba ya barin wurin nan sai ya ga abin da tsiron zai zama. Ya shiga ɗaki ya rataye takalman a ƙusa.

Ɗaso ta yi murna, ba za a ɓoye ba. Amma tun daga ranar hankalinta bai sake kwanciya ba. Ta yi ƙarya, ga miji, a kan abin addini, kuma a garin da aka ce laifi ya fi nauyi. Tana daka tana tunani, tana tuƙa tuwo tana tunani. In ta je ɗawafi sai ta roƙi gafara iya ƙarfinta, amma ko sau ɗaya ba ta haɗa da niyyar faɗa masa ba, kuma ta san gafarar da ake roƙa haka gurguwa ce.

Zafin Makka ya zo da ƙarfinsa, irin wanda ke sa gwangwanin ɗaki ya yi ta ƙara da rana tsaka. Lurwanu ya je har Muzdalifa ya tsinto tsumman tantin da alhazai suka yar, ya yi wa tsiron rumfa. Kullum garwa biyu na farko ba na sayarwa ba ne, na shukar ne, duk da shi ba ya yarda a kira ta shuka. Biyu suka ƙone suka mutu, ya yi ta jimami, ko busassun bai cire ba. Biyun da suka rage suka miƙe, suka kai gwiwa, suka kai ƙirji, suka yi rassa, ya yi ta ɗaga rumfa suna binta. Mutumin da a da ba ya iya zama ya gama cin tuwo, yanzu sai ya dawo da rana don kawai ya leƙa ganye. Ya gyara ƙyauren ɗaki da ya shekara uku a karkace. Wata rana suna cin abinci ya ce, "Baɗi sai mu ƙara ɗaki ta nan gefen." Tun da ta aure shi ba ta taɓa jin ya ce baɗi yana nufin wurin da suke zaune ba. Ta tashi ta zaga bayan ɗaki ta yi kukanta ta wanke fuska.

Don ya tabbatar, Lurwanu ya kira Malam Garba, dattijon da ke ba su salla a lungun. Malam ya zo ya zagaya shukar da sandarsa, ya ce hukuncin a sarari yake: abin da mutum ya shuka, ko irin abin da mutane suka saba shukawa, babu laifi a cire, abin da ya fito da kansa shi ake bari.

"To wannan wa ya shuka?"

"Babu, Allah gafarta Malam."

"Irin abin da ake shukawa ne a wata ƙasa?"

Aka kalli juna, ba wanda ya sani. Malam Garba ya ce to tunda haka ne a bar shi ya fi zama lafiya. Ɗaso tana cikin ɗaki tana tsince shinkafa, duka amsoshin biyu suna hannunta, ta duƙar da kai ta ci gaba da tsinta.

A watan Rajab shukar ta zarce katanga da kamu biyu, kuma ta yi fure, rawaya kamar gwaiduwar ƙwai, kowanne faɗin tafin hannu. A unguwar da babu komai sai baƙin dutse da tsatsar gwangwani, tun daga bakin hanya ake hango shi. Lurwanu kuwa, Allah sarki, bakinsa bai taɓa riƙe daɗi ba. Ya faɗa a bazan, ya faɗa a gidajen da yake kai ruwa, har da rantsuwa. Maƙwabta suka fara leƙowa, sai mutanen Tandabawi, sai wasu mata 'yan Jawa, sai wani ɗan dako Bayamane da ya zo da uwarsa a goye. Lurwanu ba ya barin a tsinki ko ganye ɗaya, don haka sai su tsuguna suna tsintar furen da ya zubo suna ƙullewa a bakin mayafi. Aka ce wata ta jiƙa ta sha zazzaɓinta ya sauka. Aka ce wata ta sami ciki. Ɗaso tana gefe tana kallon manyan mutane suna rububin abin taɓa-ka-lashen tsohuwar Baturkiya, dariya na cin ta tsoro na cin ta, ta rasa wanda za ta fara yi. Ta rame, har Yalwa ta tambaye ta ko ciwo take ɓoyewa.

Ranar wata Talata bayan la'asar, mutum wajen ashirin suna cunkushe a ƙofar gidan, sai ga askari. Bai yi tsawa ba. Ya tsaya ya ɗaga kai ya kalli furen, ya kalli masu tsinta.

"Esh hada? Bet min?" in ji shi, wato mene ne wannan, kuma gidan wane ne.

Lurwanu ya fito ya ce gidansa ne, ya fara ba da labari da Larabcinsa na bazan. Askarin ya ɗaga masa hannu. Ya ce taruwa a gindin itace don neman albarka ba a yinta a garin nan, kuma jibi Alhamis zai dawo da na gaba da shi su ga abin da idonsu. Bai tambayi takardar kowa ba. Amma da zai tafi sai da ya bi ƙofofin lungun da ido ɗaya bayan ɗaya, kuma kowa ya ga ya yi hakan.

Kafin magariba mazan lungun sun taru. Maganarsu ɗaya ce: in aka wayi gari Alhamis furen nan yana tsaye, za a shigo, in kuwa aka shigo ba fure kaɗai za a duba ba, gida talatin za su tsinci kansu a Jidda ana jiran jirgin mayar da su. A sare shi kawai. Lurwanu ya ce hannunsa ba zai taɓa shi ba. Aka ce to wani ya sare. Nan fa kowa ya fara kallon ƙasa. Mutanen da suka taka shekara goma a ƙasa don su zo Harami, ba wanda ke son a ce shi ya tuge abin da Allah ya tsirar a cikinsa. Malam Garba ya ce lalura tana da hukuncinta, amma shi ma bai miƙa hannu ya karɓi addar ba. Lurwanu ya ce shi zai tsaya a ƙofa ranar Alhamis, in kamawa ce a kama shi.

Yalwa ta leƙo ta kan katanga, idonta jawur. "Yaya Ɗaso, jikokina uku a ɗakin nan, ba mai waraƙa ko ɗaya. Ki yi wa maigidanki magana, haram alaiku, ku ji tsoron Allah."

Ɗaso ta ce ta ji. Lissafin ba mai wuya ba ne. In ta yi shiru, an kwashe lungun gaba ɗaya, har da ita. In ta yi magana, shukar ta zama shuka kamar kowace, a tuge ta ba laifi, amma abin da ya zaunar da Lurwanu wata bakwai ya tafi ke nan.

Laraba da hantsi Lurwanu ya shigo da garwa biyun farko ya fara zuba wa gindin a hankali. Ta zo ta tsaya a bayansa.

"Malam, ni na shuka."

Bai juyo ba. "Kika shuka me?"

"Wannan. Wata tsohuwa Baturkiya ta ba ni a gidan aiki. Abin ci ne, kamar rizga, 'ya'yan suna ƙasa. Guda huɗu na binne da cokali, ranar da ka yi maganar Tabuka."

Ruwan ya ci gaba da zuba har garwar ta ƙare. Sannan ya ajiye ta ya juyo. "Amma na tambaye ki."

"Ka tambaye ni. Ƙarya na yi maka."

"Wata bakwai, Ɗaso. Na rantse wa mutane a bazan. Na rantse da Ɗakin nan."

"Na sani." Muryarta da ta saba cika lungu ta koma ƙarama. Sai kuma abin ya ɓalle mata. Ta ce ta gaji. Ta ce ta bar Hadijatu a Abeshe ƙasar kabarin ba ta bushe ba, ta bar Abubakar a Gadarif kwana tara da rufe shi, duk tana bin bayansa da kaya a ka. Ta ce ita ba ta neman komai a duniya sai ta mutu a inda aka san sunanta, a sami wadda za ta wanke ta tana kuka. Ta ce laifi ta yi shi, ba ta musu, amma da ya tambaye ta sau ɗaya ko tana son tafiya, da ba a kai ga haka ba.

Da ya yi faɗa da ta fi samun sauƙi. Bai yi ba. Ya tsaya yana kallon furen, sannan ya ɗauko wani guntun ƙarfe ya durƙusa ya fara tona. Da ya kama karan ya ja, ƙasa ta tsage, ga su nan cunkus a jikin saiwa, farare masu ƙulle-ƙulle, wasu sun kai dunƙulen hannu. Gindi biyu suka cika daro. Ɗaso ta durƙusa tana kakkaɓe musu ƙasa, hawaye na zuba, kuma duk da haka hannunta na jin daɗin abin, don hannun 'yar Lere ne. Lurwanu ya ja karan zuwa ƙofa inda mutane suka fara taruwa, ya jefar a gabansu.

"Shuka ce," in ji shi. "Iyalina ta shuka, ban sani ba. Ku yafe mini rantsuwar da na yi muku. Halas, an gama, kowa ya tafi gida."

Aka raba wa gidajen lungun, kowa ya dafa ɗan abin da ya samu. Daɗi kam akwai, sai dai tsohuwar Baturkiya ba ta da yaren da za ta gargaɗi Ɗaso cewa abin yana kumbura ciki. A ranar Malam Garba da kansa sai da ya sake alwala sau biyu kafin la'asar. Alhamis askarin ya zo da na gaba da shi, suka tsaya a bakin hanya, ba fure ba taro, ƙofofi a rufe. Suka ɗan yi magana tsakaninsu suka wuce. Lungu ya tsira.

Lurwanu ne bai tsira ba. A bazan aka raɗa masa Shehu mai fure, in ya zo layi sai wani ya miƙo hannu ya ce a tofa masa. Yana murmushi, amma ya daina dawowa da rana. Rizgar kuwa ko ɗanɗanawa bai yi ba. Bai ƙaurace wa Ɗaso ba, yana gaishe ta yana cin tuwonta, sai dai in ta faɗi magana yakan ɗan dube ta kafin ya amsa, kuma wannan duban ya fi mata mari ciwo. Saura kwana shida azumi ya ce ya sami mota.

"Za ki?"

Wannan ne karo na farko da ya taɓa tambayarta. Ta ji zuciyarta ta rabu biyu, don har yanzu shi take so. Ta ce, "A'a, Malam. Ina nan."

Ya gyaɗa kai. Bai sake ta ba, bai kuma ce ga ranar dawowa ba. Ya bar mata garwa biyun da sandar, ya ce Allah ya sada su da alheri, ya tafi. Ɗaso ta sami abin da ta nema, gida a Makka da maƙwabtan da suka san sunanta, kuma gidan ya yi mata faɗi. Ta shiga sana'ar gyaɗa tare da Yalwa. Kusurwar nan ta bi ta da yatsa ta tsince duk abin da ta gani, ta daddaɓe ƙasar, ta daina zubar da ko ruwan wanke hannu a wurin, don ba ta son ganinsa.

A watan Zulƙida aka yi ruwan nan mai yawa da har ya shiga Harami. Ya kwashe ɗakuna biyu a lungun, ya bar laka a tsakar gidan kowa. Bayan kamar mako biyu Ɗaso ta fito da safe da tsintsiya, sai ta tsaya. Kusurwar ta yi kore. Ta ƙirga, goma sha ɗaya, har ɗaya ya ratsa ƙarƙashin gwangwani ya ɓulla a gefen Yalwa. Ashe abin nan ko ɗan gutsure kamar farce ya saura a ƙasa, sai ya tashi.

Yalwa ta leƙo ta gani, ta riƙe baki. "Yaya Ɗaso, kin sake?"

"Wallahi ban shuka ba."

"To," in ji Yalwa, ta ɗan dube ta, ta koma wajen gyaɗarta.

Ɗaso ta ajiye tsintsiyar ta ɗauki mayafi. A ƙasa ta je har tashar Jarwal, ta yi ta tambaya har aka nuna mata Rabe, wani direba Bahaushen Sudan da ke kai kaya wajen masu aikin hanyar Tabuka. Yana ɗaure igiya a bayan mota. Ta kwatanta masa Lurwanu, ya ce ya san shi, dogo mai yawan shiru, yana nan lafiya.

"Ka ce masa Ɗaso tana gaishe shi. Ka ce masa ta sake fitowa, guda goma sha ɗaya. Ka ce masa wannan karon ban shuka ba."

Rabe ya maimaita don kada ya manta. "Shi ke nan saƙon, Hajiya? Zai gane?"

"Zai gane."

Ganewa kam zai gane. Yarda ce ba ta da tabbas a kanta, kuma ta san ita ta jawo. Ta tsaya har motar ta fita daga tasha, sannan ta juya ta kama hanyar Rusaifa da sauri, don rana ta fara ɗagawa kuma ba a yi wa tsiron rumfa ba.